Hidimar baƙi da haƙƙin gida: yadda ma'aikatan otal da wuraren yawon buɗe ido za su tsara lokacinsu

Aikin otal ba shi da ƙarfen tashi irin na sauran ayyuka. Ma'aikacin banki ya san lokacin da za a rufe ƙofa, malamin makaranta ya san ranar da za a ba da hutu, amma mai karɓar baƙi da kuku da mai gyaran ɗaki da mai gadi aikinsu yana yin tsanani ne daidai lokacin da sauran jama'a suke hutawa, wato daren Juma'a, da ranakun ɗaurin aure da walima, da ranakun Sallah, da ƙarshen shekara. Hausawa suna cewa baƙonka annabinka, kuma gaskiya ne, sai dai sau da yawa da wannan maganar ake rufe bakin ma'aikacin da ya yi mako uku bai ci tuwon dare tare da 'ya'yansa ba. Abin da nake so in nuna a nan shi ne cewa hutun ma'aikaci ba alfarma ba ne da ake roƙo ranar da mutum ya gaji, abu ne da ake rubutawa a jadawalin aiki tun kafin wata ya kama, kuma otal ko gandun dajin da ke son ya daɗe yana karɓar baƙi daga wannan jadawalin ya kamata ya fara gyara.

Fara da sanin abin da doka ta ba ka

Mafi yawan ma'aikatan ƙananan otal-otal da baki aka ɗauke su aiki. Wani ɗan'uwa ne ya yi magana da manaja, aka ce mutum ya zo gobe da safe, shi ke nan. Dokar Ƙwadago ta Najeriya kuwa, a sashe na 7, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takarda kafin wata uku su cika, wadda ta bayyana irin aikin, da albashi da lokacin biyansa, da sa'o'in aiki, da hutu, da yadda za a rabu idan rabuwa ta zo. Saboda haka matakin farko shi ne ka nemi wannan takarda cikin ladabi, ka karanta ta ko ka sa wanda ka amince da shi ya karanta maka, sannan ka ajiye kwafinta a gida, ba a ɗakin ajiyar kaya na otal ba.

Dokar ba ta yanke adadin sa'o'in aiki na mako ba, ta bar shi ga yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da mai ɗaukar aiki ko tsakanin ƙungiyar ƙwadago da masu otal, kuma wannan ne ya sa abin da aka rubuta a takardar yake da nauyi, domin duk sa'ar da ta haura wannan adadin ƙarin lokaci ce. Amma ta yanke wasu abubuwa da ba su da ja. Wanda ya yi aikin sa'a shida ko fiye a yini yana da haƙƙin hutawa na aƙalla sa'a guda a jimlace. A cikin kowane kwana bakwai yana da ranar hutu ta sa'a 24 a jere, kuma idan aka ci masa wani ɓangare na wannan ranar, to dole ne a rama masa cikin kwana 14 ko a biya shi kuɗin ƙarin lokaci. Wanda ya cika wata 12 yana aiki ba yankewa yana da hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi, kuma haramun ne a doka a ba shi kuɗi a madadin wannan hutun muddin bai bar aikin ba. Akwai hutun rashin lafiya har kwana 12 na aiki a shekara idan likita ya tabbatar. Mace mai juna biyu tana da mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida a wurin, kuma mai shayarwa tana da rabin sa'a sau biyu a yini domin jaririnta. Hatta yankan albashi da ake yi idan faranti ya fashe ko tawul ya ɓace, dokar ba ta yarda a yi shi gaba gaɗi ba, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago, kuma sai in an tabbatar da ganganci ko sakaci.

Waɗannan kariyar sun fi shafar masu aikin hannu da na rubuce-rubuce, su kuwa manajoji takardar yarjejeniyarsu ce ke magana. Haka nan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma masaukai da yawa a garuruwanmu ba su kai ba. A Jamhuriyar Nijar dokar ƙwadago ta fi fayyace lamarin sa'o'i, domin ta ɗauki sa'a 40 a matsayin makon aiki.

Jadawalin aiki, inda duk maganar take

Wannan ɓangaren na manaja ne da shugaban sashe, amma yana da kyau ma'aikaci ya iya lissafin da kansa. Mako guda yana da sa'a 168, kuma teburin karɓar baƙi ba ya zama babu kowa ko na minti goma. Idan mutum biyu ne kaɗai ke riƙe da shi, kowannensu zai yi sa'a 84 a mako. Idan uku ne, kowa zai yi sa'a 56, kuma duk ranar da ɗaya ya huta sai sauran biyun sun yi sa'a goma sha biyu-biyu. Sai an kai mutum huɗu kafin a sauko zuwa sa'a 42, a samu ranar hutu ta gaskiya, a kuma samu mai maye gurbi idan wani ya kwanta zazzaɓi. Lissafin ɗaya ne a ƙofar gadi da ɗakin janareto. Mai otal da ya ce ba shi da kuɗin mutum na huɗu yana biyan kuɗin ta wata hanya, domin a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da binciken da ya nuna cewa aikin sa'a 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, da haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17 cikin ɗari, idan aka kwatanta da masu aikin sa'a 35 zuwa 40. Tun kafin a kai ga asibiti ma, gajiyayyen ma'aikaci shi ne ke ba baƙo mabuɗin ɗakin da ba a gyara ba, shi ne ke kuskuren lissafin kuɗi, kuma shi ne ke ajiye aikin ba sallama bayan wata huɗu, a koma neman sabo ana koya masa daga farko.

Idan ba a iya ƙara ma'aikaci, a koya wa mutum ɗaya aiki biyu. Mai kai abinci ɗakuna zai iya riƙe teburin karɓar baƙi da rana tsaka lokacin da babu masu shiga da fita, mataimakin kuku zai iya koyon kula da sito. Sharaɗin shi ne a rubuta hakan a jadawali kuma a ƙara masa wani abu a albashi, kada koyon aiki na biyu ya zama hanyar ɗora wa mutum ɗaya kayan mutum biyu.

A fitar da jadawalin aƙalla mako biyu kafin ya fara aiki, a manna shi inda kowa zai gani, a kuma tura hotonsa a zauren WhatsApp na ma'aikata. Wanda ya san ranar hutunsa tun da wuri zai iya kai matarsa awo, ya halarci sunan ƙanwarsa, ya je ya ga malamin makarantar ɗansa. Wanda ake gaya wa da daddare cewa gobe ya huta, barci kawai zai yi. Wajen juya lokutan aiki kuma, a bi agogo gaba, wato daga aikin safe zuwa na yamma, daga na yamma zuwa na dare, sannan hutu, saboda jiki ya fi saurin sabawa da jinkirta barci a kan gaggauta shi. Mafi munin tsari shi ne mutum ya tashi ƙarfe goma na dare a ce ya dawo shida na safe, domin idan aka cire neman abin hawa da wanka da cin abinci da sallar asuba, da ƙyar zai samu barcin sa'a huɗu. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta sa sa'a 11 tsakanin tashi da komawa aiki, kuma ko da dokarmu ba ta faɗi haka ba, ma'auni ne mai kyau da manaja zai riƙe. Aikin dare kuma kada ya wuce dare biyu ko uku a jere idan da hali.

Akwai tsarin da gidajen abinci suka fi so, inda ake raba yinin mutum gida biyu, ya zo da safe domin karin kumallo da abincin rana, a sallame shi da azahar, ya dawo bayan la'asar har dare. A takarda sa'a takwas ce, amma a zahiri yini ne cur, musamman a Kano ko Abuja inda zuwa gida da dawowa zai cinye lokacin da kuɗin mota. Idan dole ne a yi shi, to a tanadi ɗaki mai tabarma da fanka inda mutum zai yi ƙailula, na maza daban na mata daban, kuma a riƙa juya shi tsakanin ma'aikata.

Miƙa aiki shi ne abin da ke hana a kira ka a waya bayan ka tafi, don haka a yi shi da natsuwa. Ƙarfe goma saura kwata na dare, mai tashi da mai karɓa su tsaya tare a bayan tebur, su ƙirga kuɗin da ke cikin aljihun tebur, su duba rasit na na'urar biyan kuɗi da kati, su ƙirga mabuɗan da ke rataye a allo su gwada da ɗakunan da littafi ya ce babu kowa. Sannan mai tashi ya rubuta a littafin miƙa aiki cewa baƙon ɗaki na 12 ya ce a tashe shi ƙarfe biyar domin jirgi, famfon ɗaki na 7 yana ɗiga an sanar da mai gyara, mai ɗaki na 20 ya biya rabin kuɗi zai cika da safe, man janareto zai kai zuwa asuba. Su biyun su sa hannu. Minti goma sha biyar ne, amma yana sa mutum ya shiga gida ya ajiye wayarsa da kwanciyar hankali. Manaja kuma ya kafa ƙa'ida cewa ba a kiran wanda yake hutu sai a kan gobara, ko sata, ko rashin lafiya mai tsanani, kuma ya fara kiyaye ƙa'idar da kansa.

Barci da ibada da zumunci

Baligi yana bukatar barcin sa'a bakwai ko fiye, kuma mai aikin dare ba ya samunsa sai ya shirya da mutanen gidansa. Ya gaya wa maiɗakinsa ko mahaifiyarsa a fili cewa daga ƙarfe takwas na safe zuwa azahar dare ne a wurinsa, a rataya labule mai kauri, a kai yara wasa zaure ko maƙwabta, a ce wa masu sallama ya kwanta. Ya daina goro da shayi mai ƙarfi da kofi tun wajen ƙarfe uku na dare, saboda tasirinsu yana ɗaukar sa'o'i kafin ya sake shi. Batun ƙwayoyin hana barci da na ƙara ƙarfi kuwa, waɗanda wasu matasa ke sha domin su jure tsayuwa, ba dabara ba ce ko kaɗan, kuma shugaban sashe da ya ga yaronsa ya fara su ya duba jadawalinsa kafin ya yi masa faɗa.

Salla ba ta rikita aiki idan an tsara ta. A riƙa zuwa bi da bi, a kuma sa lokacin Juma'a a jadawali yadda ba mutum ɗaya ne kullum zai zauna tsaron tebur ba. A garuruwa irin su Kaduna da Jos da Bauchi, inda Musulmi da Kirista ke aiki tare, musaya ita ce mafita mafi sauƙi, Kirista ya riƙe Juma'a da ranakun Sallah, Musulmi ya riƙe Lahadi da Kirsimeti da Ista. A rubuta musayar tun farkon shekara domin kada ta zama gori daga baya. Inda kuma kowa Musulmi ne, wanda ya yi aiki ranar Ƙaramar Sallah ya huta ranar Babbar Sallah, badi a juya.

Watan azumi ya fi wahala a kicin. Kuku mai azumi yana tsaye gaban wuta a watan zafi, ga odar buɗa-baki da ke taruwa gaba ɗaya kafin magariba. Abin yi shi ne a mayar da aikin ƙarfi, irin su yankan nama da jajjage da markaɗe da wanke manyan tukwane, zuwa safiya lokacin da jiki ke da sauran ƙarfin sahur, a bar suyan ƙosai da dama kunu da abin da ba ya jira zuwa bayan la'asar, a kuma ware mutum ɗaya ko biyu da za su fara shan ruwa su karɓi sauran. A goman ƙarshe, lokacin da mutane ke son tahajjud, a rage aikin safe ga wanda ya raya dare idan baƙi sun yi ƙaranci.

Zumunci kuma yana bukatar mutum ya koyi zaɓe. Ba kowane biki ba ne ma'aikacin otal zai halarta, kuma gara ya faɗa wa dangi gaskiya tun da wuri, ya aika gudummawa, ya je gaisuwa ranar hutunsa, da ya yi alkawari ya saɓa. Amma jana'iza da rashin lafiyar iyaye ba sa jiran jadawali, saboda haka kowane ma'aikaci ya samu abokin musaya guda wanda suka yi yarjejeniya da shi da sanin shugabansu. Mata ma'aikata suna da ƙarin nauyi, domin da yawansu suna tashi daga gyaran ɗakunan baƙi su tarar da girki da wanki suna jiransu a gida. Wannan magana ce da za a yi da maigida tun kafin a karɓi aikin, a san wanda zai ɗauko yara daga makaranta da ranar da za a ci abin da aka dafa tun safe, kuma otal ya tanadi motar mayar da mata gida idan tashinsu ya kai dare.

Idan wurin aikin yana cikin daji

Gandun dajin Yankari da ke Ƙaramar Hukumar Alkaleri a Jihar Bauchi misali ne mai kyau na aikin da ke raba mutum da gida. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun gwamnatin jiha a 2006, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Masaukin baƙi yana sansanin Wikki, kusa da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da zafinta ke tsayawa a wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina, kuma daga babbar ƙofar da ke Mainamaji zuwa sansanin tafiyar kilomita arba'in da wani abu ce cikin daji. Wanda ke aiki a wuri irin wannan ba ya kwana gida kullum, kuma hutun kwana ɗaya a mako ba ya yi masa amfani, domin rabin ranar a hanya za ta ƙare. Abin da ya fi dacewa shi ne a yi rubutacciyar yarjejeniya ta haɗa ranakun hutu, mutum ya yi kwana goma sha biyu a sansani ya fita kwana biyu ko uku a jere, kada a lissafa ranar tafiya cikin hutun, kuma a daidaita fitar da ranar da motar sayayya ke zuwa gari domin ya samu abin hawa.

Irin wannan wuri yana da kakarsa. A rani, musamman daga Disamba zuwa Afrilu, ciyawa ta bushe, giwaye da ɓauna da gwanki suna gangarowa kogin Gaji neman ruwa, ganinsu ya yi sauƙi, baƙi su yi yawa. Da damina ciyawa ta yi tsawo, dabbobi su bazu, wasu hanyoyin su yi taɓo, baƙi su ragu. Wannan lokacin ya yi daidai da na noma, don haka shi ne ya dace ma'aikaci ya ɗauki hutunsa na shekara ya je ya yi shuka ko noman farko, shi ne kuma ya dace hukumar wurin ta yi gyaran ɗakuna da horar da ma'aikata. A birane kakar ta bambanta. Otal-otal na Kano da Katsina da Zariya suna cika ne a shekarun da aka yi hawan Sallah, musamman ranakun Hawan Daushe da Hawan Nassarawa a Kano, bikin da hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2024, sannan lokacin bukukuwan aure na ƙarshen shekara da taron siyasa.

Kuɗin kaka ba ya dawwama, kuma wannan darasi ne da masu sana'ar suka koya da wahala. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020, kuma a shekarar ce annobar korona ta rufe masaukai a ko'ina. Agadas, wadda tsohon garinta ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2013, ta ga yadda rashin tsaro tun daga 2007 ya janye Turawan da direbobi da 'yan jagora da maƙeran azurfa suka dogara da su. Saboda haka ma'aikaci ya ɗauki abin da ya samu a lokacin cunkoso, wato kuɗin ƙarin lokaci da kyautar baƙi da rabonsa na kuɗin hidima, a matsayin guzurin watannin da babu baƙi. Ya shiga adashi da abokan aiki, ko ya sayi hatsi da kaka, ko ya ɗaure tunkiya. Kuɗin hidimar nan da manyan otal-otal da yawa ke ƙarawa a kan lissafin baƙo, galibi kashi goma cikin ɗari, ya kamata ma'aikaci ya tambayi yadda ake raba shi tun ranar ɗaukar aiki, kuma manaja ya riƙa manna lissafinsa duk wata. Wanda yake da ɗan abin da ya ajiye shi ne ke iya cewa a'a idan aka nemi ya sayar da ranar hutunsa.

Inda tattalin wuri ya haɗu da tattalin ma'aikaci

Ana yawan maganar yawon buɗe ido mai ɗorewa, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware masa shekarar 2017, amma galibi itatuwa da namun daji ake nufi, a manta da masu hidimar. A ganina abu ɗaya ne, domin kusan duk matakin da ke rage ɓarnar ruwa da mai da abinci yana rage wahalar wani ma'aikaci. Ɗauki wanki. Idan baƙo zai kwana huɗu, ba dole ba ne a cire zanen gado da tawul kowace safiya. A sa ƙaramin kati a ɗaki da ke cewa za a canza su bayan kwana biyu ko uku sai in baƙo ya nema, kuma tawul ɗin da aka ajiye a ƙasa shi ne za a ɗauka. Ruwan rijiyar burtsatse ya ragu, man da ake ƙonawa wajen turo shi ya ragu, sabulun da ke gangarawa ƙasa ya ragu, kuma mai gyaran ɗaki da ke sunkuyawa a kan gado goma sha biyar a yini ta samu sauƙin bayanta. Sai dai a kula, kada mai otal ya ce tunda aikin ya ragu a ƙara mata ɗakuna biyar, domin a nan ribar ta koma aljihu ɗaya.

Haka batun abinci yake. Dafa abin da ya yi daidai da yawan baƙin da aka tabbatar, ta hanyar tambayarsu tun da rana abin da za su ci da dare, yana rage zubarwa da wankin tukwane da tsayuwar kuku. A sansanin daji kwandon shara mai murfi da sakata ba ƙawa ba ne, domin gwaggon biri da gadu suna yawo tsakanin ɗakuna a Wikki, kuma kwandon da aka bari a buɗe yana nufin mai shara zai share wuri ɗaya sau biyu, dabbobin kuma su saba da abincin mutane da leda. Fita kallon namun daji da sassafe da kuma bayan la'asar, lokacin da dabbobi ke motsi, ya fi amfani ga baƙo, ya bar dajin ya huta da tsakar rana, ya kuma ba direba da ɗan jagora damar cin abinci da ƙailula. Makarantu da ƙungiyoyin da ke zuwa da manyan motoci su riƙa sanarwa tun da mako biyu, a kuma yanke adadin da za a karɓa a yini, domin cunkoson da ke gurɓata bakin ruwa shi ne dai ke hana ma'aikata zama.

Ɗaukar ma'aikata daga ƙauyukan da ke kewaye yana warware matsala biyu a lokaci guda. Ma'aikacin yana kusa da iyalinsa, kuma ƙauyen da ɗansa ke karɓar albashi a gandun, ake kuma sayen ƙwai da kaji da tumatir da zuma daga hannunsa, ya fi haƙuri ranar da giwaye suka shiga gona, ya fi kuma saurin kai rahoton mafarauta. A biya masu kawo kayan a kan lokaci, a kuma tura matasan da aka ɗauka su samu horo, ko a cibiyar horar da ma'aikatan otal da yawon buɗe ido ta ƙasa, NIHOTOUR, ko a sashen koyar da wannan fanni na kwalejojin kimiyya da fasaha, domin kada 'yan gari su tsaya a shara da gadi har abada. Baƙo ma yana da nasa rabon, wato ya fita daga ɗaki a lokacin da aka ƙayyade, ya tattara shararsa, kuma idan zai yi kyauta ya miƙa ta hannun wanda ya yi masa hidimar.

Idan an ƙi gyarawa

Kafin ka kai ƙorafi, ka tanadi hujja. Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta ƙarfen da ka shiga da ƙarfen da ka tashi kowace rana har wata guda, da ranakun hutun da aka ci maka, ka kuma ɗauki hoton jadawalin duk lokacin da aka manna sabo. Sannan ka nemi ganin shugaban sashe a lokacin da babu cunkoso, ba a gaban baƙi ba, ka je da shawara a hannu, misali ka ce: "Ranka ya daɗe, na lissafa na ga sa'a 66 na yi a makon jiya, ga kuma yadda nake ganin za mu juya ni da abokin aikina ba tare da tebur ya zauna babu kowa ba." Manajoji da yawa suna karɓar gyaran da ba zai ci musu kuɗi ba, kuma magana ta fi nauyi idan mutum uku ko huɗu suka je tare.

Idan hakan bai yi ba, ka rubuta takarda mai kwanan wata zuwa ga manaja, ka riƙe kwafi. Inda akwai reshen ƙungiyar ma'aikatan otal ta ƙasa, NUHPSW, wadda ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙwadago ta Najeriya, ka sanar da wakilinta. Bayan nan akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke babban birnin jiha, inda jami'an ƙwadago ke kiran ɓangarorin biyu domin sulhu, kuma shari'ar da ta shafi aiki da albashi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraronta. Duk tsawon wannan lokacin ka ci gaba da zuwa aiki a kan kari kana sa hannu a rajista, domin rashin zuwa ba da izini ba shi ne hujjar farko da za a kafa a kanka, kuma kada ka sa hannu a kan takardar ajiye aiki ko ta karɓar haƙƙin sallama sai ka karanta ta, ka kuma gwada adadin da ke cikinta da abin da littafinka ya nuna.